Waiwaye: Rigimar shafin kilobait 16 da gargaɗin 2015 da muka ƙi ji

Tun da aka sanar cewa daga 1 ga Nuwamba 2025 Play Store zai daina karɓar manhajar da aka nufi Android 15 da ita matuƙar ba ta iya aiki da shafin memori (gutsuren da waya ke raba memorinta da shi) mai kilobait 16 ba, surutu bai lafa ba tsakanin 'yan'uwanmu masu rubuta manhaja a Legas. Ka je Yaba, maganar ke nan. Ka leƙa Computer Village a Ikeja, ita ce dai. Wasu na cewa doka ce da ta faɗo rana tsaka ba sallama, wasu na cewa ai ba komai ba ne, sake gini ne kawai. Ni da na daɗe ina yi wa 'yan kasuwar Mile 12 da Agege manhajar lissafin kaya da bashi, na san ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan ya kai shekara 10 yana tsami a gabanmu.

Abin da ake nema bai taka kara ya karya ba. Manhajar da aka rubuta da Java ko Kotlin zalla babu ruwanta. Wadda abin ya shafa ita ce mai ɗauke da laburare irin na `.so`, wato kod da aka riga aka mayar yaren injin ARM, wato ƙwaƙwalwar da ke aiwatar da umarni a cikin waya. Shekara da shekaru ana jera sassan waɗannan fayiloli a kan iyakar bait 4096, wato kilobait 4, yanzu kuma 16384, wato kilobait 16, ake so. Zaɓi ɗaya ake miƙa wa linka, manhajar da ke haɗa guntayen kod su zama fayil ɗaya, `-Wl,-z,max-page-size=16384`, daga NDK r28 ma (NDK shi ne kayan aikin gina irin waɗannan laburare a Android) ba sai ka rubuta shi ba. Wanda tushen kod ɗinsa ke hannunsa, galibi aikin yini ne. Masu kukan gaske su ne waɗanda ke riƙe da fayil ɗin da ba su san wanda ya gina shi ba, balle su sake gina shi.

Farkon labarin sananne ne. A 1985 kamfanin Acorn da ke Kambirij a Ingila ya kunna ARM na farko, aikin Sophie Wilson da Steve Furber, kowane umarni bit 32. Daga baya aka kawo salon umarni na Thumb mai bit 16 don tsimin wuri, sai Thumb-2 a 2003. Android ta fito a 2008, NDK a 2009. An bayyana tsarin ARMv8 mai bit 64 a 2011, Android 5.0 ta karɓe shi a 2014, daga Agustan 2019 kuma ya zama wajibi a Play Store. Duk wanda ka tambaya zai lissafo maka waɗannan.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne Oktoban 2015, lokacin da Android 6.0 ta fito. Hankalin kowa ya tafi kan sabon tsarin neman izini, inda manhaja ke tambayarka kafin ta taɓa kyamara. Amma a ƙarƙashin wannan akwai wani sauyi: duk manhajar da ta nufi mataki na 23 (lambar Android 6.0 a wurin masu rubuta manhaja) zuwa sama, waya ba za ta loda mata laburaren da ke buƙatar gyaran adireshi a cikin sashen umarni ba.

Sai an bi abin a hankali kafin a ga nauyinsa. A ARM mai bit 32, umarni bit 32 ne, adireshi ma bit 32 ne, don haka cikakken adireshi ba ya shiga cikin umarni ɗaya. Mai rubuta asembili da hannu, wato yaren da ya fi kusa da na inji, in yana son adireshin wani teburin bayanai sai ya rubuta `ldr r0, =tebur`. Asembila, manhajar da ke mayar da rubutun yaren inji, ta gane nufinsa: ta keɓe bait 4 nan kusa, a cikin sashen umarnin, inda za a ajiye adireshin teburin, ta sa umarnin ya ɗauko daga can. To amma ita ba ta san inda teburin zai zauna ba. Sai ta bar gurbin, ta rubuta 'yar takarda mai suna `R_ARM_ABS32` cewa wanda ya sani ya cike. Kamar dai mai lodin albasa a Aliero ya rubuta sunan mai kaya a jikin buhu, ya bar gurbin lambar rumfa sai mota ta iso Mile 12.

Linka ta karɓi takardar, ita ma ba ta sani ba, domin saboda tsaro waya na sauya inda take ajiye laburare a duk lokacin da aka loda shi. Sai ta miƙa aikin gaba, ta manna wa fayil ɗin alamar `TEXTREL`. A ƙarshe lodar da ke cikin waya ce za ta buɗe shafin umarni, wanda bai kamata a yi rubutu a kansa ba, ta cike gurbin, ta rufe. Illa biyu ke nan. Shafin da aka taɓa ya daina zama na tarayya, kowace manhaja sai ta riƙe nata kwafi, a wayoyin da memorinsu bai wuce gigabait 1 ba, irin waɗanda suka cika aljihun mutanenmu a lokacin. Ta biyu ta fi muni: ba za a iya kulle sashen umarni gaba ɗaya ba muddin akwai laburaren da ke buƙatar a buɗe shi. Tun kafin 2015 waya na rubuta gargaɗi a kundin bayananta cewa abin na ɓarnar memori yana kuma hana ƙarfafa tsaro. Muna gani muna wucewa, tunda manhaja na tashi.

Maganin sananne ne tun da can. Maimakon ajiye adireshi, sai a ajiye tazara tsakanin umarnin da teburin, wadda ba ta sauyawa ko ina aka ajiye laburaren, sannan a haɗa ta da `pc`, ma'ajiyar da ke riƙe adireshin inda inji ya kai a karatun umarni. Nan ma akwai tarko, domin a yanayin ARM `pc` na gaba da bait 8, a Thumb kuma da 4. Kod ɗin C ba shi da wannan wahala, zaɓin `-fPIC` da ake ba kompaila, mai fassara kod zuwa yaren inji, na yi masa komai. Amma `-fPIC` ba ya gyara abin da mutum ya rubuta da hannunsa. Asembila abin da ka faɗa take yi. Sai an buɗe fayil an bi layi-layi, kuma sai wanda ya iya karatun.

Mu kuwa wata hanya muka bi. Dokar ta shafi mataki na 23 ne, sai muka bar `targetSdkVersion`, layin da ke faɗin matakin da manhaja ta nufa, a 22. Ni ma na yi. Akwai laburaren buga rasit da ya zo mini tare da wasu ƙananan firintoci, fayil kawai, babu tushe. Da na yi wa Alhajin da nake wa aiki bayanin cewa gyaran gaskiya zai ci mako biyu, sai ya ce, "Malam, ni dai rasit ya fito." Gaskiyarsa, ba sana'arsa ba ce. Ni ne na san abin da layin nan ɗaya ke rufewa, na rubuta shi, na karɓi kuɗina. A wancan lokacin masu laburaren na nan, ana iya nemansu, ana iya matsa musu su ba da tushe ko sabon gini. Wannan damar ce muka bari ta wuce, kuma a ganina ta fi komai tsada. Har yau ina jin ciwon yadda ba mu zaunar da ƙannenmu mun nuna musu abin da `readelf -d`, umarnin da ke nuna alamomin cikin laburare irin su `TEXTREL`, ke faɗa ba. Mun koya musu jawo laburare, ba mu koya musu leƙa cikinsa ba.

Dabarar ba ta yi nisa ba. Daga Agustan 2018 sabuwar manhaja sai ta nufi mataki na 26, sabuntawa kuma daga Nuwamba. Sauran sauye-sauyen sun biyo a jere. NDK r18 ya cire tsohon kompaila GCC a 2018, ya bar Clang. Masu tsohon asembili suka laɓe bayan `-fno-integrated-as` don su ci gaba da amfani da asembilar GNU, har r24 ya cire ta a 2022. Nan tsohon salon rubutu ya fito fili: inda ake rubuta `ldreqb` a da, haɗaɗɗen salon da ya zo da Thumb-2 `ldrbeq` yake so, asembilar Clang kuma haɗaɗɗen salon ta sani. Umarni ɗaya ne, wurin haruffa biyu ne ya sauya, amma ya isa ya tsayar da gini.

Wani abu da nake ji a muhawarar yanzu yana buƙatar gyara. Wasu na tsoron cewa umarnin `adrp` na ARM mai bit 64 zai lalace, tunda da shafin kilobait 4 yake lissafi. Ba zai lalace ba. Wannan 4096 ɗin na cikin ƙirar umarnin ne: `adrp` ya kawo ka bakin shafin, `add` da `:lo12:` su cike ragowar bit 12, kuma duk abin da ya zauna daidai a kan 16384 ya zauna daidai a kan 4096. Tsarin bit 64 tun asali da tazara yake aiki, Android ma ba ta taɓa yarda masa da gyaran adireshi a sashen umarni ba. Wanda ya kamata ya binciki kansa shi ne wanda ya rubuta 4096 da hannu a kod ɗinsa a matsayin girman shafi, maimakon ya tambayi waya.

Kwanan baya wani ƙanena da ke aiki a Yaba ya kawo mini wata manhajar 'yan adashe da aka ba shi ya sabunta. Ya ce, "Yaya, na sa zaɓin, na sake gini, har yanzu tana ƙi." Muka buɗe kunshin, laburare 7 ne a ciki. Shida sun gyaru domin shi ya gina su. Na bakwai, `readelf -l` ya nuna `0x1000`, wato 4096, a kowane sashe, lambar wayar wanda ya kawo shi kuma ta daɗe ba ta shiga. Mun fara rubuta madadinsa daga tushe, muna haɗuwa bayan sallar isha'i a Agege, kuma mun kai kusan rabi.