Ma'anar "Mechanical Accuracy" a Insha'in Turanci na WAEC

Ɗalibai da yawa a Zariya, daga Tudun Wada har Samaru, suna jin malamin Turanci yana ambaton "mechanical accuracy" ba tare da sun gane nauyinta ba. A taƙaice, tsaftar rubutu ake nufi: daidaiton nahawu, rubuta kalma da haruffanta cikakku, sa aya da waƙafi a mazauninsu, da sanin inda ake fara kalma da babban baƙi.

Insha'in WAEC maki 50 ne. Abin da ka faɗa yana da 10, tsarin sakin layi 10, iya sarrafa harshe 20, sai tsaftar rubutu 10. Bambancin wannan kaso na ƙarshe shi ne ba ƙara maka ake yi ba, ragewa ake yi. Mai duba takarda yana riƙe da jan biro, duk kuskuren da ya zagaye rabin maki ya tafi. Kuskure 20 kacal ya isa ya cinye goman nan ƙurmus, kuma yaro yana iya tara su tun bai gama shafin farko ba. Wannan abin takaici ne, domin sau da yawa hujjojinsa masu kyau ne.

Ina ake yawan zamewa? Na farko, harshenmu bai raba sautin "p" da "f" yadda Turanci ya raba su ba, sai ka ga an rubuta "flease" ko "perpect". Kunne ne ya yaudari hannu. Maganinsa a ware littafi a riƙa tara irin waɗannan kalmomi, ana kwafarsu ana furta su da ƙarfi. Sai kuma rikicin lokutan aiki: a fara labari da "I went to Sabon Gari market", layi biyu gaba a koma "I buy tomatoes". Akwai "did you went", akwai "informations" da "advices", alhali waɗannan sunaye ba sa ɗaukar jam'i. Rubutun waya ma ya shigo da nasa: "am fine" babu "I", da "u" a madadin "you", da rubuta "zaria" da ƙaramin baƙi.

Wasu suna ganin dabara ce su gajarta rubutu don kurakurai su ragu. Ba ta fisshe su, domin kalmomi wajen 450 ake nema, kuma idan insha'i ya gaza sosai ana rage makin tsaftar rubutu gwargwadon gajartarsa.

Abin da ya fi amfani shi ne gajerun jimloli waɗanda ɗalibi yake da tabbaci a kansu, sannan ya ajiye minti biyar na ƙarshe ya bi rubutunsa layi-layi da kan biro, yana duba aikatau da farko, sannan ayoyi da manyan baƙaƙe.