Watannin Ƙarshe na Matashin Ɗan Mishan a Ƙasar Waje: Tambayoyi da Amsoshi

Su wane ne samarin da ake gani biyu-biyu da farar riga da baƙin bajo a ƙirji?

Galibinsu 'yan mishan ne na cocin da aka fi sani da Momon, wanda Joseph Smith ya kafa a jihar New York a shekarar 1830, hedkwatarsa kuma tana birnin Salt Lake na jihar Utah a Amurka. Namiji yana yin wata 24 a wannan hidima, mace kuma wata 18, kuma tun shekarar 2012 aka yarda saurayi ya fita yana ɗan shekara 18 in ya gama sakandare. Ana kiran namijin Elda, macen Sista, sannan a haɗa da sunan zuriya, har takan kai mutum ya shekara biyu bai ji an kira shi da sunansa na yanka ba. Ba shi yake zaɓen inda za a tura shi ba. Takarda ce take zuwa daga hedkwata, ta ce masa Burazil, ko Filifin, ko Gana. Ba a biyansa albashi. Shi da iyayensa ne ma suke zuba kuɗi, kuma shekaru da dama abin da iyalin Amurka ke bayarwa ya tsaya a kan dala 400 a wata.

Yaya yininsa yake tafiya?

Tsarin da aka daɗe ana bi shi ne tashi da ƙarfe shida da rabi na safe, kwanciya da ƙarfe goma da rabi na dare, ko da yake daga 2017 an ba shugabannin yankuna damar gyara lokutan gwargwadon yanayin ƙasa. Safiya ta motsa jiki ce da karatun littattafan addini da bitar harshe, sauran yinin kuma na yawo ne a ƙafa ko a keke, ana sallama a gidaje, ana koyar da wanda ya ba da dama, ana haƙuri da wanda ya rufe ƙofa. Ba kallon talabijin, ba iyo, ba zance da budurwa, ba giya ba taba, kuma addininsu ya hana kofi da ganyen shayi. Rana ɗaya a mako, yawanci Litinin, ita ce ta wanki da cefane da aski da aika saƙo gida. Kafin watan Fabrairun 2019 sau biyu kacal a shekara ake barinsu su buga wa iyaye waya, ranar Kirsimeti da ranar tunawa da iyaye mata, amma yanzu suna iya yin hakan kowane mako.

Abin da ya fi duka nauyi shi ne abokin aiki. Doka ta ce kada su rabu dare da rana, kowa ya kasance inda ɗan'uwansa zai gan shi ya kuma ji shi, in ban da banɗaki. Ba kai ka zaɓe shi ba, wataƙila ba ƙasarku ɗaya ba, wataƙila ma jininku bai haɗu ba, amma ɗaki ɗaya za ku kwana, ku yi addu'a tare, har sai an yi sauyin ma'aikata, wanda ake yi duk bayan mako shida.

To me yake canjawa idan wa'adi ya kusa cika?

Jadawalin ba ya canjawa ko kaɗan, mutumin ne ya canja. Yaron da ya sauka yana in-ina da harshen da aka koya masa cikin mako shida zuwa tara a cibiyar horo ta garin Provo da ke jihar Utah, yanzu ya iya ciniki a kasuwa, yana gane ba'a, har mafarki yake yi da harshen. Abincin da ya ɓata masa ciki a watan farko ya zama abin marmarinsa. Takalmansa sun cinye, kwalar rigarsa ta dafe, kuma sau da yawa a wannan lokacin ne ake ba shi sabon zuwa ya horar.

Suna da maganganunsu na tsakaninsu a kan wannan. Garin da aka fara kai mutum, a nan aka haife shi. Wanda ya horar da shi ubansa ne ko uwarsa. Garin da zai gama kuwa, a nan zai mutu, abokin da ya raka shi har ƙarshe kuma shi ne ya kashe shi. Wanda hankalinsa ya riga ya koma gida suna yi masa laƙabi da wata kalma da aka samo daga sunan akwatin tafiya, wato jikinsa yana bakin aiki amma zuciyarsa ta gama ɗaure kaya. Ba yabo ba ne, domin mai ƙirga kwanaki yakan kashe wa abokinsa gwiwa, musamman idan abokin yana da sauran shekara da rabi a gaba. Akwai kuma wata al'ada da coci bai san da ita a hukumance ba, inda wasu suke ƙona laktaye a wata na shida, riga a shekara guda, wando a wata na 18, kwat kuma a ƙarshe.

Shin ba murna kawai yake yi da komawa gida ba?

Murna tana nan, amma ba ita kaɗai ba. A ganina ƙarshen ya fi farkon wuya, domin a farko mutum ya san iyayen da ya bari zai sake ganinsu, amma tsohuwar da take ajiye masa abinci kowace Lahadi a wani ƙauye na Filifin, da wuya ya ƙara sa ta a ido. Ga kuma lissafin da yake yi wa kansa. A wasu ƙasashen Latin Amurka da Afirka ɗan mishan yakan ga mutane da yawa sun karɓi baftisma, alhali wanda aka kai Faransa ko Japan zai iya gama wa'adinsa da mutum ɗaya ko biyu, ko ma babu, sai ya riƙa tambayar kansa ko shekarunsa biyu sun yi amfani. Bayan haka akwai fargabar abin da ke jira: makaranta, sana'a, da maganar aure, wadda al'ummarsu ba ta son a ja ta da nisa. Saboda wannan ne aka tsara musu darussan shirin komawa gida da suke bi a makonnin ƙarshe.

Yaya ake sallamarsa?

A kwanakin ƙarshe yakan raba kayansa ga mutanen unguwa da sauran 'yan mishan, ya zaga ya yi bankwana, sannan ya tafi gidan shugaban yankin, wanda shi ma hidimar shekara uku yake yi tare da matarsa. A can za a yi masa ganawa ta ƙarshe, a ci abinci tare da sauran masu tafiya, kowa ya faɗi shaidar bangaskiyarsa, washegari a kai su filin jirgi. Duk da haka yana nan a matsayin ɗan mishan, da dokokinsa duka a kansa, har ya sauka a garinsu ya zauna gaban shugaban coci na gundumarsu. Shi ne zai sallame shi, ya ce ya cire bajon. Wata Lahadi ta kusa zai tsaya gaban jama'ar cocinsu ya ba da labarin hidimarsa, kuma masu dawowa da yawa sukan ce a kwanakin farko sun riƙa waiwaye a kan hanya suna neman abokin tafiya, ko su farka da ƙarfe shida da rabi ba wanda ya tashe su.