Ma'anar "QT ya tsawaita": yadda magani ke toshe ƙofar fotasiyam a zuciya

Idan likita ya duba takardar ECG ya ce QT ya tsawaita, yana nufin tsokar zuciya tana daɗewa fiye da kima kafin ta huce bayan kowane bugu. Sau da yawa magani ne sanadi.

Ƙwayar tsokar zuciya in tana hutawa, cajin lantarkinta kusan milibolt 90 ne ƙasa da sifili. Sodiyam ya kutsa ciki, caji ya tashi, kalsiyam ya biyo baya tsoka ta matse, sannan fotasiyam ya fice domin caji ya sauka. Duk a cikin milisakan 300 ko kusa da haka. Babbar ƙofar ficewar ita ce hERG, kwararar da ke bi ta nan kuwa IKr ake ce mata. Cikin ƙofar yana da faɗi, ga kuma amino asid biyu, Tyr652 da Phe656, waɗanda magunguna iri-iri ke liƙewa a jikinsu. Shi ya sa ondansetron na amai, haloperidol na taɓin hankali da erythromycin na kashe ƙwayoyin cuta duk suke iya toshe ta, alhali ba don zuciya aka yi su ba.

Da ta toshe, saukar caji sai ta yi nawa, ƙofofin kalsiyam su sake buɗewa, ƙwayar ta buga tun lokacinta bai yi ba. Nan ne torsades de pointes, wato mummunan hargitsewar bugun zuciya, kan ɓarke: mutum ya yanke jiki ya faɗi, wani ma ba ya tashi.

Ba kasafai magani ɗaya ke kai ga haka ba, sai dalilai sun haɗu, kuma nan ne ya kamata a sa ido sosai. Terfenadine na atishawa hanta ce ke sarrafa shi; in aka haɗa shi da ketoconazole, maganin da ke hana hanta wannan aiki, sai ya taru a jini, har aka janye shi daga kasuwar Amurka a 1998. Halofantrine na zazzabin cizon sauro, abinci mai maiƙo yana ƙara yawan wanda hanji ke tsotsa. Gudawa, amai ko furosemide, maganin sa fitsari, suna zubar da fotasiyam, kuma idan ya yi ƙasa a jini IKr raguwa take yi, magani ya ƙara kama ƙofar. Mata da masu jinkirin bugun zuciya sun fi shiga haɗari.

QTc, wato QT da aka daidaita da saurin bugu, in ya haura milisakan 500, ko ya ƙaru da 60 bayan fara magani, a koma a duba magungunan mara lafiya ɗaya bayan ɗaya. Idan torsades ya riga ya fara, a asibiti ana dakatar da maganin nan take, a ba da magnesiyam salfet giram 2 ta jijiya, a ɗaga fotasiyam na jini zuwa tsakanin milimol 4.5 da 5 a kowace lita.