Kansar huhu irin ta adinokasinoma: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Mece ce ita?

Kansa ce da ke tsirowa daga ƙwayoyin da ke fitar da majina a cikin huhu, yawanci can gefe-gefen huhun. Kusan kashi 40 cikin 100 na kansar huhu irinta ce.

Hajiyarmu ba ta taɓa shan taba ba, ta ina ta same ta?

Na amsa wannan har na gaji. Ita ce nau'in da aka fi samu a jikin waɗanda ba sa shan taba, musamman mata. Ku daina neman wanda ya yi mata jifa.

Baba ya yi wata uku yana shan maganin tibi, tarin bai lafa ba, sai ramewa yake yi.

To me kuke jira? Tari, kaki mai jini da ramewa duk suna kama da tibi, shi ya sa ake ɓata watanni ana maganin abin da ba shi ba. Ku koma asibiti ku nemi hoton CT, a kuma ɗebi ɗan nama a gwada. Hoton ƙirji kaɗai ba ya yanke hukunci.

Me ke nuna tsananinta?

Matakinta. Ƙarin da bai wuce santimita 3 ba, bai kai kaluluwa ba, ana iya cire shi da tiyata a warke. In ya kai ƙwaƙwalwa, ƙashi ko hanta, ko ruwa mai ƙwayoyin kansa ya taru a ƙirji, mataki na 4 ke nan.

An ce mataki na 4 ne. Mu ci gaba da kashe kuɗi ko mu mayar da shi gida?

Ɗan'uwa, ba zan ce maka e ko a'a ba, don ban ga mara lafiyar ba. Mataki na 4 da wuya a warke, wannan gaskiya ce, amma ba duka suka zama ɗaya ba. Dubi jikinsa tukuna. Yana tashi da kansa ya yi alwala, ya fita ƙofar gida? Mai irin wannan ƙarfi yakan jure kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, ya kuma amfana. Wanda ke wuni kwance sai an ɗaga shi, kemo na iya ƙara masa wahala ne kawai. Sannan ka tambaya ko an gwada naman don neman sauyin ƙwayoyin gado da ake kira EGFR ko ALK. In akwai, ƙwayoyin magani irin su osimertinib ko alectinib kan danne cutar tsawon lokaci, wasu har shekaru, ko da yake suna da tsada ƙwarai kuma wata rana cutar takan bijire musu. Kada ku sayar da gona kafin sakamakon ya fito. In kuma kuka zaɓi gida, ba zubar da shi kuka yi ba: a zuƙe ruwan ƙirjin ya samu numfashi, a ba shi mofin don raɗaɗi. Kuma shi ma ku tambaye shi abin da yake so, kun cika yanke shawara a bayan idonsa.

Ana ɗauka?

A'a. Ku ci abinci kwano ɗaya da shi.

Zuma da habbatussauda fa?

Ya sha, amma ba sa rage ƙari. Kada su hana shi zuwa asibiti.

Ya daina taba yanzu, ko an makara?

Ya daina yau. Magani ya fi karɓar wanda ya daina, numfashinsa ma zai fi sauƙi.