Mai wankin ƙoda ta ciki, kada ka raina haki

Wannan kira ne ga masu wankin ƙoda ta ciki da masu jinyarsu. Ina nufin wankin da ake zura ruwan magani mai sukari ta siririn bututu kusa da cibiya, a bar shi wasu awanni ya tsotse dattin jini, sannan a tsiyaye shi cikin leda. Babban mutum yakan ɗauki kamar lita 2 a zubi ɗaya.

Tsakanin ciki da ƙirji akwai faifan naman da ke taimaka mana jan numfashi. A jikin wasu yana da 'yan ƙananan huji, ko tun haihuwa, ko nauyin ruwan ya buɗe su. Ta nan ruwan ke haurawa ya taru a gefen huhu ya matse shi. Yakan sami kusan mutum 2 cikin 100, galibi a gefen dama, kuma ya fi samun mata.

Ku duba ledar da kyau. An zuba lita 2, amma abin da ya fito bai kai ba, yau haka, gobe haka. Ga haki, mutum ya taka daga ɗaki zuwa banɗaki sai ya tsaya ya dafa bango. Ga busasshen tari, kwanciya ta gagara sai da jingina.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne, mai jinya kan ɗauka ruwa ne ya yi wa jiki yawa, sai ya ɗauko leda mai ƙarfin sukari don ta janye shi. Wannan leda ƙara ruwa take yi a ciki, shi kuma ya ƙara haurawa ƙirji. Don Allah kada ku yi. Ku tsiyaye na ciki, kada ku zuba sabo, ku kira sashen ƙoda ko ku tafi asibiti a ranar.

A can za a ɗauki hoton ƙirji, a zuƙo ruwan da allura a auna. Idan sukarinsa ya zarce na jini, an gano bakin zaren. Akan dakatar da wankin ciki na wasu makonni, a koma wankin jini na inji, hujin yakan toshe da kansa. In ya ƙi, likita na iya manne wurin da magani ko ya ɗinke shi, kuma da dama sukan koma wankinsu na gida.