Motocin aiki masu injin tsere

Motar aiki mai injin tsere ita ce motar da asalin ƙirarta ta ɗaukan kaya ce ko shiga daji, wato pikap, wadda 'yan uwanmu na Najeriya ke ce ma a-kori-kura, ko kuma jif, sai kamfani ya ɗauko ta ya cusa mata injin da ya dace da motar tsere, ya sa mata manyan birki da faffaɗan taya, ya ɗaga kuɗin sama. Irin su GMC Syclone, Dodge Ram SRT-10, Jeep Grand Cherokee Trackhawk da Ram TRX. Motoci ne da suke cika mujallu da bidiyon intanet, matasan Aboabo da Asawase a Kumasi sun san sunansu da ƙarfin injinsu kamar karatun allo, amma in aka zo maganar waye ya ciro kuɗi ya saya sai kaga wurin yayi tsit. Yawancinsu shekara biyu, uku ko huɗu suke yi a kasuwa kamfani ya rufe layin.

Asali

Tun a 1986 Lamborghini ta Italiya ta fito da LM002, jif ce ƙatuwa da aka sa ma injin silinda 12 irin na motar tserensu Countach. Har aka daina yinta a 1993 kimanin guda 300 kawai aka ƙera. Ita dai dama ta attajirai ce, ba wanda ya sa ran za ta cika titi.

Inda abin ya zama sana'a sosai Amurka ne. A 1991 GMC ta ɗauki ƙaramar pikap ta sa mata injin silinda 6 mai tarbo, ƙarfin doki 280, ta sa mata suna Syclone. Mujallar Car and Driver ta jera ta da Ferrari 348 a gajeren tsere kuma pikap ɗin ta riga Ferrari kaiwa, labarin da har yau ake maimaitawa. Toh amma ga inda gizo ke saƙa, kayan da kamfani ya yarda a ɗora mata a baya bai wuce kilo 230 ba, buhun siminti huɗu da ɗan ɗoriya kenan, aboboya ta unguwa ma, keken kaya mai taya uku, tana kwasar abin da yafi haka kullum safiya. Ba ta kai guda 3,000 ba aka tsaya.

Dodge ma ta gwada a 2004 da Ram SRT-10, ta ɗauko injin motar tserenta Viper mai silinda 10, lita 8.3, doki 500. A shekarar ta shiga kundin Guinness a matsayin pikap mafi gudu, wajen kilomita 248 a awa. A 2005 suka ƙara mai ƙofa huɗu da giya otomatik dan ta iya jan tirela ko masu iyali za su leƙo, duk da haka 2006 ce shekararta ta ƙarshe kuma jimillar da aka yi wajen 10,000 ce kawai, a ƙasar da pikap ɗin Ford na yau da kullum ake saida dubu ɗaruruwa duk shekara. Na baya bayan nan su ne Trackhawk mai doki 707 daga 2018 zuwa 2021, da Ram TRX mai doki 702 wadda ta fito a 2021.

Mercedes-Benz X-Class ba ta tsere ba ce sosai amma ciwonsu ɗaya. An fito da ita 2017, pikap mai tambarin Benz da aka gina kan ƙashin Nissan Navara ana haɗa ta a Barcelona, har da mai injin dizal silinda 6, a 2020 aka binne ta. Mai neman pikap yace me zai sa in biya kuɗin Benz in sayi Navara, mai neman Benz kuma yace shi ba ɗan dako bane.

Abin da gudu ke cinyewa

Matsalar tun daga ƙarfe take farawa. Motar kaya ana yinta da tsawo dan ta tsallake rami da kwazazzabo, ana sa mata sifirin mai tauri a baya wanda sai an danna masa kaya yake kwantawa, ga taya mai kauri da ke jure dutse. Motar gudu kuma akasin haka take so, ta kwanta ƙasa, nauyinta ya zauna kusa da kwalta, tayarta faffaɗa mai siririn gefe dan ta kama hanya a kwana. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma injiniyoyi ma duk wayonsu sai sun saki ɗaya. In suka sauke motar ƙasa ta daina shiga gona. In suka barta a sama tana da injin doki 700, nauyin yana can bisa, a kwana tana tangaɗi, birki kuma yana shan wahala saboda tsayar da abu mai kusan tan uku da ke gudun 200 ba wasa bane, zafin da faifan birki ke ɗauka yana ninkuwa ne da gudu ba ƙaruwa kaɗan kaɗan yake ba.

Masu shok mai laushi na tsallen daji ma basu tsira ba. TRX nauyinta ya kusa kilo 2,900 amma kayan da take ɗauka wajen kilo 600 ne, har da direba da fasinja a lissafin fa. Ford Ranger Raptor da ta fito 2018 tana jan kilo 2,500 alhali Ranger ta gama gari mai rahusa tana jan 3,500, kuma a Ingila da yake kayanta bai kai tan ɗaya ba sai hukumar haraji ta ƙi lissafa ta a motar sana'a, 'yan kasuwa suka rasa rangwamen da suke samu kan sauran pikap. Wato ka ƙara kuɗi ka samu ragin aiki, wannan shi ne lissafin da yake kashe cinikin tun a gaban tebur.

Sai mai. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta auna TRX a mil 12 kan galan ɗaya in an haɗa gari da babbar hanya, kusan kilomita 5 kenan a lita.

Waye mai sayen

Masu sayen pikap da jif kashi biyu ne manya, kuma motar nan ta faɗa a tsakiya kamar jemage, ba ta cikin tsuntsu ba ta cikin dabba. Kashi na farko masu aiki ne, ɗan kwangila, manomi, kamfanin haƙar ma'adinai, ma'aikatar gwamnati, ƙungiyoyin agaji. Su da kalkuleta suke sayen mota, nawa take ɗauka, nawa take sha, in ta lalace kwana nawa za tayi a kwance, kuma sau da yawa ba mai motar ne zai tuƙa ba direba ne, ba kuwa mai hankalin da zai miƙa ma direban kamfani doki 700. Kashi na biyu masu son a gansu ne, su kuma abin da suke saye suna ne, tambarin da in ya tsaya a ƙofar gidan biki ko filin idi kowa ya san kuɗinsa ba sai an yi bayani ba. Jeep mai injin tsere daga nesa kamanninta ɗaya da Jeep ta kowa, sai wanda ya san mota ne zai gane banbancin, kuma mutum ba ya kashe wannan kuɗin dan yara uku masu kallon YouTube su yaba masa.

Saura 'yan tsiraru masu son abin dan kansa, kuma suna nan, amma a shekarar farko duk suke saye. Shi ya sa irin motocin nan suke buɗe kasuwa da layi da rububi, shekara ta biyu ciniki ya ja baya, ta uku dillali ya fara ragi. Ga dokokin hayaƙi irin na Turai da suke lissafa matsakaicin abin da motocin kamfani gaba ɗaya ke sha, kowace irin wannan da aka saida tana ja ma kamfanin nauyi, dan haka in ciniki yayi sanyi ba a daɗewa ake yanke ta.

Yadda abin yake a Kumasi

Anan Ghana duk waɗancan dalilan suna nan sai kuma namu na gida da suka hau kai. Na farko tashar Tema. Kuɗin fito yana hawa ne da girman inji, mota mai injin fetur da ya wuce cc 3,000 tana matakin sama na kashi 20 cikin ɗari, kafin a zo ga VAT da harajin inshorar lafiya da na asusun ilimi na GETFund da sauran ƙananan caji, kuma duk a kan darajar dala ake bugawa, in sidi ya faɗi kamar yadda yayi a 2022 lissafin da kayi kafin jirgi ya taso ba shi za ka tarar ba. A watan Agusta 2018 gwamnati ta ma ƙara harajin motocin alfarma kan inji daga cc 2,950 zuwa sama, sidi 1,000 zuwa 2,000 duk shekara, dillalan mota suka yi ta kuka har aka soke shi a 2019. Injin lita 6.2 kam ko ta ina aka auna yana can ƙololuwa.

Na biyu gidan mai. Tun 2015 aka saki farashin mai ya bi kasuwa, kuma a Nuwamba 2022 litar fetur ta kusa sidi 18. Daga Kumasi zuwa Accra wajen kilomita 250 ne, a motar da ke cin lita a kilomita 5 lita 50 kenan zuwa kawai, sidi 900 a farashin wancan lokacin, Hilux mai dizal kuma da rabin wannan litar ko ƙasa za ta kai ka, da buhunan doya na Techiman a bayanta. Akwai wani tarko kuma da mutane da yawa ba su lura da shi ba, littafin motar Amurka in yace a sa mai lamba 91 ba 91 ɗinmu yake nufi ba, ma'auninsu daban ne, nasu 91 ya yi daidai da wajen 95 a namu. Wanda ya ɗura mata fetur na gama gari yana ganin lamba ta yi daidai, inji mai matsa iska da ƙarfi zai fara ƙwanƙwasa, kwamfutar motar ta rage masa ƙarfi dan ta kare shi, dokin da aka biya kuɗinsu sun ragu kenan, kuma 95 ɗin ba kowane gidan mai bane yake da shi in ka bar manyan garuruwa.

Na uku, a ina ma za ka yi gudun. Doka ta sa 50 a cikin gari, 90 a babbar hanya, 100 a motowe, motowen kuma ita ce ta Accra zuwa Tema da aka buɗe 1965, kilomita 19 kacal. Hanyar Kumasi zuwa Accra cike take da tireloli da tankoki da bas, kowane ƙauye da tudun rage gudunsa, wasu ma mutanen gari ne suka gina da kansu ba ma'auni. Wanda ya taɓa tsayawa a cunkoson zagayen Suame ko Anloga Junction da yamma ya san doki 700 da pragya, keken fasinja mai taya uku, tafiyarsu ɗaya. Rim mai inci 20 da siririyar taya kuma rami ɗaya ya ishe shi.

Na huɗu shi ne babba a ganina, Magazin. Suame Magazine na cikin manyan matattarar masu gyaran mota a Afirka, kuma a zahiri fitocin can, wato makanikai, su ke yanke hukuncin wace mota za ta rayu a Kumasi. Alhaji kafin ya biya kuɗin hom yus sai ya tafi da fitansa, in masta ya buɗe bonet ya girgiza kai yace "Alhaji wannan in ta tsaya sai dai a aiko daga waje" toh ciniki ya mutu a wurin ko da mai saidawa zai rantse da abin da zai kashe shi. Kayan Hilux, Navara, L200 da Land Cruiser kana samunsu sabo da tsoho a Magazin ko Abossey Okai ta Accra rana ɗaya. Na'urar matsa iska ta Trackhawk ko shok ɗin Raptor mai sarrafa kansa da kwamfuta sai an yi oda, a jira jirgi, a sake biyan kwastan, motar na zaune tana shan ƙura. Ƙari kuma da yawan irinsu da ke shigowa daga gwanjon Amurka masu hatsari ne aka gyara, kuma motar da aka ƙera dan gudu kowa na zargin tsohon mai ita bai tausaya mata ba.

Daga nan ne maganar sake saidawa take fitowa. A zango mota ajiya ce kamar fili ko shanu, mutum na saye yana tunanin ranar da zai buƙaci kuɗin Hajji ko jari ya karye. Hilux ko ta shekara goma ka sa ta a bakin hanya masu taya za su zo. Mai injin tsere sai ka jira wannan mutum ɗaya da yake sonta kuma yake da kuɗin manta, shi ma ya san ba ka da wani mai saye, zai taya yadda yaga dama.

Wani abin dariya, kalmar V8, wato inji mai silinda 8, a bakin ɗan Ghana ba ta nufin gudu sam, Land Cruiser ake nufi, motar minista da ɗan majalisa da babban sarki. Wato gurbin babbar jif mai tsada an riga an cike shi, kuma da motar da fita ya sani.

Waɗanda suka tsira

Ba duka suka faɗi ba. Porsche Cayenne da ta fito 2002 ta zama ɗaya daga cikin ginshiƙan kamfanin, Lamborghini Urus ta 2018 ta zama wadda suka fi saidawa, Mercedes G 63 kuma ana layi a kanta. Sai dai su ba su taɓa cewa motocin aiki bane, ba wanda ya sayi Urus yana tambayar buhu nawa take ɗauka, suna aka saya kuma sunan yana nan a gaban mota kowa na gani. Ford F-150 Raptor da ta fara a 2010 ita kuma ta canza tambayar ne, ta bar gasar kwalta da Lightning, tsohuwar pikap ɗin gudu ta Ford ɗin, tayi a baya ta koma gudu a hanyar burji da yashi, inda tsawon pikap ya zama amfani ba aibi ba, kuma faɗinta da kamanninta sun bambanta ta da sauran tun daga nesa.

Ostareliya ma tana da nata, pikap masu jikin ƙaramar mota da injin silinda 8 irin HSV Maloo, suka ƙare da rufe masana'antar Holden, kamfanin motar ƙasar, a 2017. Waɗannan ko a da ba sa zuwa mana dan sitiyarinsu a dama yake, Ghana kuma tun 4 ga Agusta 1974 ta koma tuƙi a hannun dama, kwastan ba ta barin mai sitiyarin dama ta shigo. Da kamfanonin Japan suka zo haɗa mota a Tema, Toyota a 2021 da Nissan a 2022, abin da suka fara ɗorawa a layi Hilux ne da Navara.