Koya wa yara awon tsawo: amsoshin tambayoyin iyaye

Daga Garwa har Marwa tambayoyin nan ba sa canzawa. A karanta da kyau kafin a sake aiko su.

In saya wa ɗan shekara 4 rula?

A'a. Ba shi kara biyu ya faɗi wanne ya fi tsawo, amma gindinsu ya daidaita a ƙasa ko a jikin bango.

Kara biyu daidai suke, na tura ɗaya gaba kaɗan, sai 'yata ta ce ya fi tsawo. Lafiya kuwa?

Lafiya lau, Hajiya. Kafin shekara 6 ko 7 yawancin yara bakin kara ɗaya suke kallo, su manta da ɗaya bakin. Ki mayar, ki sake turawa, ki nuna mata abin da ya ƙaru nan shi ya ragu can. Ban da duka, don Allah.

Taƙi da kamu da gaba ba tsohon yayi ba ne?

Haba Malam, ai da su ake farawa. Yaro ya auna tabarma da kamunsa, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kai ma ka auna da naka. Shi ya samu 7, kai 4. Tambaye shi dalili, ka yi shiru. Ran da ya gano cewa hannunsa ne ƙarami, ran nan ya san abin da ya sa duniya take bukatar mita.

Ɗana kullum awonsa da rula yana kuskure da santimita ɗaya. Me zan yi?

Nan sai an bi a hankali, don dalilin ba ɗaya ba ne. Fara duba rular. Yawancinsu akwai ɗan fili kafin sifiri, yaro kuwa yakan ɗora fensir a bakin rula, sai awon ya gaza da 'yan milimita. Idan kuskuren santimita ɗaya ne cif, kuma ƙari ne, to mai yiwuwa daga 1 yake farawa, don duk ƙirgen da aka koya masa daga ɗaya yake tashi. Wani kuma layukan yake ƙirgawa, ba tazarar da ke tsakaninsu ba: santimita 8 layi 9 gare su.

Cewa "fara daga sifiri" kaɗai kan yi aiki yau, gobe ya koma gidan jiya. Abin da ya fi zama shi ne a yanka kwali gutsure-gutsure, kowanne santimita 1, ya jera su a gefen fensir, ba giɓi, ba wanda ya hau kan wani, ya ƙirga, sannan a ɗora rula ya ga lissafin ya zo ɗaya. Bayan 'yan kwanaki a gwada shi: fensir ya tashi daga 3 ya tsaya a 11. Ya ce 8, ya fahimta. Ya ce 11, lamba kawai yake karantawa. Ya ce 9, layuka yake ƙirgawa. In bai kai shekara 7 ba, ko ƙirgensa bai zauna ba, a ajiye rula a koma jera tsinken ashana na ɗan lokaci. In kuma yana matse ido a kan ƙananan layuka, a kai shi a duba idonsa.

Tef ɗin tela zai yi?

Zai yi, amma yawanci fuska biyu gare shi: inci 60 a ɗaya, santimita 150 a ɗaya. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Makarantun Kamaru da Chadi da mita suke aiki, don haka fuskar santimita za a nuna masa. Kada ku haɗa masa yadi da mita rana ɗaya. Yadi santimita 91 ne da ɗoriya, shi ya sa turmin atamfa mai yadi 6 bai cika mita 5 da rabi ba.

Yaushe zan ce masa mita santimita 100 ce?

Sai ya iya ƙirga 100 ba gargada. Kafin nan yanka masa igiya mita ɗaya, marar talewa, ya yi cinta tukuna, sannan ya auna ƙofa da gado da zaure.